Irin Hajo a Tukunyar Kowa

Littafin ma ba saya Mannir ya yi ba. A tashar Funtua ya fizge shi daga hannun wata mai ƙosai, tana shirin yage shafi ta naɗe mishi ƙosai a ciki. Bango babu, sunan marubuci babu, ƙarshen kuwa tuni ya bi fasinjoji jiƙe da mai. Mannir ɗan acaba ne, Bakori zuwa Funtua, Funtua zuwa Bakori, kuma ranar fasinja sun yi wuya. Sai ya kishingiɗa a kan mashin ya ce bari ya ga me ke ciki. Har la'asar bai ɗago kai ba. Wata hajiya ta tsaya a kanshi tana "mai mashin, mai mashin", ya ɗaga mata hannu ya ce mashin ɗin ba ya jin daɗin jikinshi yau.

Labarin wani gari ne wai shi Tsamiyar Kowa. A garin nan ɗakuna ba su da ƙyaure. Da asuba gidajen kan miƙe su yi miƙa, su canja wuri, don kowa ya ɗanɗana maƙwabtakar kowa. Tukunya ɗaya ce a tsakiyar gari, sai da tsani ake leƙa ta, a cikin kwalekwale ake tuƙa tuwonta. Kowa ya noma ya kawo ya zuba, a juya, a juya, har ba wanda zai iya nuna ƙwayarshi. Wanda kuwa ya kuskura ya ce abu nashi ne shi kaɗai, nan take kabewa za ta fito mishi a tsakar ka, ba ta faɗuwa sai ya yi kyauta. Awaki ma suna zuwa taro, kuma suna da ra'ayi.

Mannir ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Daga nan aka rasa gane kanshi. Aka fito sallar azahar ya zura takalmin liman ya yi gaba abinshi, da aka tare shi ya ce ai takalmi na ƙafar da ta riga shiga ne. Liman ya bi shi da kallo, ya ce Allah ya shirya, ya tafi gida da silifas ɗin Mannir masu ƙulli da waya.

A gida kuwa kakarshi Hajo ce ta sha shi, don a hannunta ya tashi, kuma su biyu ne a gidan.

"Amarya," in ji shi, yana leƙa mata ɗaki, "kin san akwai garin da ba a kulle ƙofa?"

"To ka koma can mana, mijin banza. Ka dai aje mini cefane kafin ka tafi."

"Can ba cefane. Tukunya ɗaya ce, kowa ya ci."

"Shi ya sa ka so garin. Ai na san ba wurin aiki ka gano ba."

"Da a can kike, wallahi kabewar kanki sai an ɗauko ta da amalanke."

"Sai in yi miyar taushe da ita, in hana ka."

Da ya ga tsohuwa ba ta karɓar wa'azi, sai ya koma kan abokanshi, Hussaini mai faci da Zaharaddeen mai cajin waya. Waɗannan ba su yi gardama ba, tunda suka ji akwai tuwo a ciki. Aka tsai da magana a rumfar Hussaini: kowa ya kawo dawa daga gida, a haɗa, a niƙa, a tuƙa tuwo ɗaya a ƙofar rumfa, duk wanda ya zo wucewa ya sa hannu. Daga kan tuwo za a fara, sauran abubuwan sa biyo baya. Zaharaddeen ya tambaya ko wayoyin mutane da ke shagonshi su ma za su zama na kowa. Mannir ya ce a bar wannan tukuna, gari ba ya ginuwa rana ɗaya a kan fushin masu waya.

Hussaini ya kawo kaura, mai ruwan ɗorawa. Zaharaddeen ya kawo jar dawa. Saura shugaba. Shi kuwa shugaba nashi rabon na bara tuni ya kai shi kasuwar Bakori, ya zama sabon fistin a cikin mashin. Kuma ba ya yiwuwa wanda ya kawo addini ya zo hannu rabbana.

Sai ya tuna da tulun nan na bayan gadon Hajo, wanda aka liƙe bakinshi da laka. Ranar kuwa ta tafi Kafur barkar suna, sai gobe za ta dawo. Ya shiga, ya ƙwanƙwasa lakar ta fashe. Toka ce a sama da busasshen ganyen dalbejiya. Ya tura hannu ƙasa, sai ga dawa fara tas, kamar an wanke kowace ƙwaya da sabulu.

"Kai, tsohuwar nan da rowa," in ji shi. "Har toka ta barbaɗa don kar a ci."

Ba wai Mannir bai san Hajo tana da iri ba. Duk unguwar an san farafarar Hajo. Marigayi Malam Lawal, mijinta, shi ya taho da ita daga gidan ubanshi a Matazu tun yana saurayi, kuma tun daga lokacin ba a taɓa tsallake damina ba a shuka ta ba. Tuwonta fari, mai laushi, ya kwana ya tashi kamar yanzu aka kwashe. Babu wanda bai roƙi irin nan ba, har matar liman, Hajo ba ta taɓa ba kowa ko ƙwaya ba. Amma Mannir a zangarniya ya san shi, rataye a saman madafi inda hayaƙi ke bugunshi. Bai san ɓeraye sun matsa bana ba, har ta sauke ta sussuke ta zuba a tulu. Rabonshi da ɗaga kai a madafi ma an daɗe. In ya shiga, tukunya yake kallo.

Ya kakkaɓe tokar yadda ya iya, ya juye tulun kaf a buhu, ya ɗaure a bayan mashin.

A rabin duron da Hussaini ke gwada tayu aka yi bikin. Aka goge shi, aka zuba kaura, aka zuba ja, aka zuba fara. Mannir ya kama ƙotar fartanya ya hau juyi yana rera abin da mutanen Tsamiyar Kowa ke rerawa, su Hussaini suna amshi ba tare da sun san me suke cewa ba. Da Zaharaddeen ya ce ai ya isa haka, Mannir ya ce ina, a littafi sai an juya har uwar ƙwaya ta kasa gane 'yarta. Ya ƙara zage damtse. Aka juye a buhu, aka bar wa Hussaini ya kai injin Ladidi da safe.

Washegari gari ya waye da nauyi. Gabas ta yi baƙi, iska tana kawo ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri. Maza sun fito ƙofar gida suna duba sama suna gyara bakin sungumi. Hajo ta sauka daga motar Kafur da sassafe, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce bayan gado.

Mannir yana tsakar gida yana goge mashin, yana jiran ihu, har ya shirya amsa mai daɗi game da kabewa. Ihu bai zo ba. Ta fito riƙe da tulun a ƙirji, kamar mai ɗauke da jariri, ta tsaya.

"Mannir."

Ya daina goge mashin. Tunda yake, bai taɓa jin sunanshi a bakinta haka tsirara ba. Kullum mijin banza ne, ko angon ƙarya, ko mai kunnen ƙashi.

"Ina irin kakanka?"

"Iri? Ba yana sama..." Ya waiga madafi. Igiya ce kawai ke lilo.

"Shi ke nan abin da ya bar mini," ta ce a hankali. "Ga ruwa ya zo."

Bai tsaya neman takalmi ba, ko da na liman ne. Ya buga mashin, ya fita ta ƙofar gida kamar an harbo shi, kaji suka watse, wani tsoho ya manne da katanga yana salati. Tun daga nesa yake jiyo injin Ladidi yana tut-tut-tut, kuma kowane tut ji yake kamar a cikin haƙarƙarinshi ake niƙa.

Ya faɗa gidan da mashin ɗin gaba ɗaya. "A kashe! A kashe inji!"

Mata sun yi layi da ƙorai da robobi, duk suka juyo. Ladidi mai inji, fuska fari fat da gari, ta dube shi sama da ƙasa.

"A kashe don uban wa? Kai ka sayo mini man?"

"Buhun Hussaini, Inna Ladidi. Kin zuba?"

Sai ga Hussaini can gefe zaune a kan buhun, ya haɗe rai, shi kaɗai namiji a tsakiyar mata. "Ta ƙi," in ji shi. "Tun ɗazu nake nan. Wai ba a surfa ba, wai ba a wanke ba. Na ce mata a Tsamiyar Kowa ba a surfe."

Gidan ya ɗauki shewa. Suwaiba, 'yar Ladidi, wadda Mannir ke rage gudu kullum in zai wuce ƙofar gidansu, ta riƙe ciki tana dariya.

"Ƙarti uku," ta ce, "ba wanda ya san dawa sai an cire mata dusa kafin ta ga inji. Ku dai ku ga tuwo a kwano. Ka zaci daga zangarniya yake faɗowa da miyarshi?"

"Na tura hannu na ji toka har hanci," in ji Ladidi. "Ga ɗacin dalbejiya. Na ce wannan irin wani gida ne aka kwaso. Na wa?"

Mannir ya sauka daga mashin, ya zauna a ƙasa daɓas. Ya so ya yi dariya, ya so ya yi kuka, sai ya yi hamdala da ƙarfi. Amma da aka kwance bakin buhun, hamdalar ta rage tsawo. Fara, ja, ruwan ɗorawa, duk sun rungumi juna. Jiya ya juya su da gaske, Allah ya sani.

"Na Hajo ne," ya ce da ƙaramar murya.

Shewar ta tsaya cak. Wata ta dafe ƙirji. Ladidi da kanta ta miƙa hannu ta kashe injin.

Ana haka Hajo ta shigo, ta biyo sawun mashin, tana dogara sanda, tulun na hannunta. Ba ta kalli Mannir ba. Ta leƙa buhun, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a ara mata faifai. Ta zauna a gindin mangwaron tsakar gidan, ta ɗebi cikin tafi ta baza, ta fara tsince fararen da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, tana kai su kusa da ido kafin ta jefa a tulu. Kowace ƙwaya ta faɗa, sai ka ji ƙas, don tulun wayam yake.

Wannan ƙas ɗin ne ya gagari matan jurewa. Ladidi ta aje tsintsiyar gari ta ɗauko tire. Suwaiba ta shimfiɗa tabarmi. Masu layin niƙa suka ture robobinsu gefe, suka zazzauna. Aka aika maƙwabta a kawo faifai, aka kawo har da murfin tukunya. Hussaini ya ce a gwada rariya mana, tunda kaura ta fi girma. Aka gwada, duk suka zube tare, aka ce ya koma ya zauna, shawararsu ta isa haka.

Mannir ma ya ja faifai. Yatsun da suka saba da birki da kulochi suka hau tsintar dawa: ya kama fara, ja ta biyo ta, ya ture ja, fara ta yi tsalle ta faɗa ƙasa, kaza ta riga shi.

"Tashi, tashi," in ji Suwaiba. "Kana ƙara mana aiki. Kai hannunka ba ya komai, bakinka ne ma'aikaci. Ina abin da ya haukata ka ɗin? Karanto mu ji, ko ma san me muke biya."

Littafin kuwa yana aljihu, ai ba ya rabuwa da shi. Ya saci kallon Hajo. Ita dai tsintarta take yi. Sai ya hau kan turmi a kife, ya gyara murya.

Abu ɗaya da ba a taɓa ƙwace wa Mannir ba shi ne baki. Ya yi muryar gidaje suna miƙa da asuba. Ya yi muryar shugaban awaki yana ƙorafin an fara taro ba a jira shi ba. Ya yi tafiyar mai kabewa a ka yana neman wanda zai karɓi kyauta. Hannuwa suna tsinta, bakuna suna dariya. Maza da suka fito daga masallaci suka ji hayaniya suka leƙo, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure aka miƙa musu nasu faifan. Liman da kanshi ya zauna, ya ce zai taya, amma a fara gaya mishi inda takalminshi yake.

"Allah gafarta Malam, suna gida, lafiyarsu ƙalau."

"To a gaishe su. Ci gaba, me akuyar ta ce?"

Ba shiru ake saurare ba. Da aka zo kan gidaje masu yawo, wata mai suna Rabi ta ce ita kam a kai ta, ko ta huta da maƙwabciyarta kwana ɗaya. Maƙwabciyar tana gefenta, ta ce ita ma abin da take roƙo ke nan. Da aka zo kan tukunya, Ladidi ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan tukunya mai tsani, wa ke wanke ta?"

Mannir ya duba shafin, ya juya na gaba, ya dawo baya. "Ba a faɗa ba."

"Namiji ne ya rubuta," in ji matan, kusan baki ɗaya.

A nan ne aka ji wani ɗan sauti daga gindin mangwaro. Hajo ce, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Mannir ya gani, ya ƙara wa akuya murya.

Tulun ya daina cewa ƙas. Kaurar da jar da aka ware suka taru tuli guda, Ladidi ta ce ba za a zauna da yunwa ana kallon dawa ba. Nan da nan aka surfa, aka bakace, aka wanke, aka tada inji, aka ɗora babbar tukunyarta ta biki. Wannan ta kawo kuka, waccan ta kawo daddawa, Zaharaddeen ya rufe shago ya zo da man gyaɗa.

Shi kuwa mai karatu ya iso inda damina ta yi jinkiri a Tsamiyar Kowa, aka tura shugaban awaki ya je ya yi magana da gajimare. Akuya ta hau tsauni, gajimare ya sunkuyo, ya buɗe baki ya ce... Mannir ya rufe littafin.

"Ya ce me?"

"Nan ya ƙare."

"Kamar yaya ya ƙare?"

"Sauran an naɗe ƙosai da shi a Funtua."

Kai, ranar Mannir ya ga tashin hankali. Rabi ta jefe shi da murfin kwano. Daga zaure liman ya ɗaga murya ya ce wannan zalunci ne, a sa mutum ya hau tsauni a bar shi a can. Ana cikin haka sama ta yi gurnani, iska ta kaɗa mangwaro, ɗigon farko ya faɗo a kan faifan Suwaiba.

"Ga amsar gajimare nan!" in ji Hajo. "Ku kwashe mini iri!"

Aka yi rumfar inji da gudu, kowa ya rufe faifanshi da mayafi ko riga, ana karo ana dariya. A can aka ƙarasa ɗan abin da ya rage, a matse, ruwa yana dukan kwano kamar ana kiɗa. A can kuma aka ci tuwon, ja-ja da shi, kowa da kowa, har da waɗanda ruwa ne kawai ya koro su.

Tulun bai cika kamar da ba. Kaji sun ci rabonsu, wasu sun bi kaura cikin tukunya. Amma ya haura rabi sosai, ya isa gona har da saura. Hajo ta tura hannu ciki har wuyan hannu, ta lumshe ido. Sannan ta ce wa Ladidi ta miƙo gefen zanenta. Ta ɗebi cikin tafi ta zuba mata. Ta ce wa Rabi ita ma. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya sa hannu a tsintar, har liman, wanda ya cire hula ya tara don ba shi da inda zai ƙulle.

Mannir ya yi tsalle har kanshi ya bugi kwanon rumfa. "Kun gani! Kun gani ko! Kabewa ta faɗi! Amarya, wallahi kin shiga Tsamiyar Kowa!"

"Tsamiyar gidanku," in ji Hajo. "Ni hankali na yi. Ina kwana gida ɗaya da ɓarawo, in tara irina a tulu ɗaya? Baɗi in ka sake kwasa, sai in zaga in karɓo abina." Ta ɗaga sanda ta nuna mishi babbar tukunyar biki, wadda ƙanzo ya kama har baki. "Kuma ɗazu an yi tambaya littafinka ya kasa amsawa. Tashi ka amsa, mijin banza."

Bai taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Ya naɗe hannun riga, ya shige tukunyar har kafaɗa yana kankara, Suwaiba tana tsaye a kanshi da buta tana nuna mishi inda ya bari. Ta ce in ya gama, gobe ya biya tashar Funtua ya tambayi mai ƙosan nan ko akwai sauran shafi. Ya ce ai ko babu, shi ya san abin da gajimare ya ce, amma ba ya faɗa a gaban jama'a, sai dai in ta yarda ya zo zance. Ta watsa mishi sauran ruwan butar.

Da kaka ta yi, farafarar Malam Lawal ta fito a gonaki da dama a unguwar, fari fat tun daga bakin hanya. Sai dai tsinta da hannu ba ta rasa kuskure: nan da can za ka ga jan kai guda ya miƙe a tsakiyar fararen, ya fi kowa tsawo, yana kaɗa kai ba a tambaye shi ba. Hajo ta hana a cire na gonarta. In ta zo wucewa sai ta ɗan ƙwala mishi sanda, ta ce, "Sannu, Mannir."